Ƙafar Aro

Sittin ba sunan yanka ba ne. Ma'aikatan kamfanin sabulu ne suka laƙaba masa, kuma don haushi suka yi. Shekara talatin da huɗu yana jan bas ɗin da ke kai su aiki, allurar malejinsa ba ta taɓa haura sittin ba. Ko an makara, ko 'yan kujerar baya suna ta jan tsaki, ko manaja ne da kansa a gaba yana duba agogo, sittin ɗin nan dai ita ce. Suka yi mita har suka gaji, suka koma tsokana, da kansa ya yi fari kuma suka ƙara masa "Baba" a gaba. Shi ko a jikinsa. Abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: tun da aka ba shi lasin bai taɓa taka ko kaza ba.

Yayansa ne ya koya masa tuƙi. Su biyu kaɗai iyayensu suka bari, shekara goma sha ɗaya tsakaninsu, don haka tun Sittin bai iya ɗaure wandonsa ba Yaya ne uwa, Yaya ne uba. Yaya direban wani injiniyan gadoji ne a lokacin, mutum mai ƙarancin magana da saurin hannu. Darasi biyu ya dasa wa ƙanen nasa, da ranƙwashi kuma ya dasa su. Na farko, ba a tayar da mota sai an duba mai da ruwa. Na biyu, ƙafar dama wuri biyu kawai ta sani: in ba ta kan totur, to tana rataye a saman birki, ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma yi nisa da shi ba. Direban da zai shimfiɗa ƙafa a ƙasa mota tana tafiya, in ji Yaya, gara ya miƙa makulli ya koma gida ya kwanta.

Da injiniyan ya gama aikinsa zai tafi, sai ya bar wa Yaya motar. Da Yaya ya tsufa, ya bar wa Sittin. Koriya ce, doguwa, mai faɗin gaba da zagayayyun fitilu, irin wadda yau in ta wuce sai masu shago sun leƙo. Gwaggo ake ce mata a gidan, saboda ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, in ta tashi kuma sai ta gama ƙorafinta kafin ta kama hanya. Amma in gaskiya za a faɗa, abin da ya rage na ainihin Gwaggo bai wuce jiki da hon ba. Injinta na asali ya buga tun Sittin yana da sauran baƙin gashi, aka dasa mata na wata ƙaramar motar kaya. Da gwiwarsa ta hagu ta fara ƙin kuloci, aka cire giyar hannu aka sa mata mai canza kanta, daga wata motar ta uku. Tayoyin sun fi na da faɗi. Kujerar direba ma ta tsohuwar bas ɗinsa ce, ya roƙa ranar da za a yanka ta a sayar da ƙarfen. Duk bakaniken da ya buɗe bonet ɗinta sai ya tsaya yana kallo, kamar wanda ya tarar da dangi uku da ba sa ga maciji suna ci a kwano ɗaya.

Bayan ya yi ritaya, matarsa kuma ta riga shi gidan gaskiya, aikin Gwaggo ya koma guda ɗaya. Asabar ɗin farko ta kowane wata Sittin yakan ɗauke ta ya tafi garin da Yaya yake zaune a gidan babban ɗansa, tafiyar awa uku a sittin ɗinsa. Yaya ya haura tamanin, jiki da sauran ƙwari, amma tunani ya tafi. Ya manta sunayen 'ya'yansa, ya manta matarsa ta rasu, jikokinsa ma gaisuwar baƙi yake yi musu. Kullum da hantsi surukarsa takan fito masa da kujera bakin ƙofa, ya zauna yana kallon layin har rana ta kore shi ciki. Abu ɗaya ne ciwon ya tsallake bai ɗauka ba. In Gwaggo ta shawo kwana ta yi hon, gajere biyu dogo ɗaya, sai tsohon ya gyara zama, ya zuba wa ƙofar direba ido. Da ta buɗe sai ya ce:

"Auta, ka duba mai da ruwa?"

"Na duba, Yaya."

"To, zo ka zauna."

Daga nan sai a yi awa biyu, wata ran uku, Yaya yana cikin hayyacinsa. Ya tuna ɗakin da suka yi haya mai yoyo a kusurwa, ya tuna ranar da Auta yana koyo ya manta birkin hannu, motar injiniya ta gangara ta zauna a kwata. Ya yi dariya har da hawaye. Zuwa la'asar sai abin ya dushe, ya koma kallon layi, amma dai an samu na wannan watan.

Sau ɗaya Sittin ya je a motar haya, lokacin da Gwaggo take wajen mai fenti. Ya tako layin da ƙafa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa. Yaya ya amsa da fara'a, ya sa a kawo wa baƙo ruwa, ya tambaye shi daga ina, wa kuma yake nema. Sittin ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan uwarsu, ya nuna tabon da ke goshinsa. Yaya ya ce Allah sarki, shi ma yana da ƙane, direba ne, yana nan tafe. Ranar Sittin ya yi kuka a motar haya a gaban mutane, da girmansa da furfurarsa. Ya gane abin da bai so ganewa ba, cewa ba fuskarsa Yaya ya riƙe ba, mutumin da ke fitowa daga ƙofar direban Gwaggo ya riƙe. A duk faɗin duniya saura mutum ɗaya da ke ce masa Auta, kuma ta wannan ƙofar kaɗai ake isa gare shi.

Sai kuma ƙafar dama ta fara nata. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, yana shan magani in ya tuna, shayi mai cokali uku kuwa bai taɓa mantawa ba. Da farko sai ya yi awa guda a kan totur kafin sharaɓarsa ta ƙage. Daga baya ya koma rabin awa, ya koma minti ashirin. Sai ya faka a gefen titi, ya fito ya dafa bonet yana mammatsa ta har ta saki. Tafiyarsa ta ƙarshe awa bakwai ta ci. Ko da ya isa an daɗe da shigar da kujerar, Yaya yana barci. Ya yi hon ɗin sau uku a ƙofar gida, maƙwabta ne kawai suka leƙo.

'Yarsa ta biyu malamar asibiti ce. Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci, kuma a cikin 'ya'yansa ita kaɗai ce shan mur ɗinsa ba ya razanawa. Da labari ya kai mata, ta zo ta zare makullin daga ƙusar da yake rataye shi ta jefa a jaka.

"Baba, ka gama tuƙi."

"In ji wa?"

"In ji ƙafarka. Ni saƙo kawai na kawo."

"Ƙagewa ce fa, Uwata. Ba ta son daɗewa a totur, shi ke nan. Ban da wannan lafiyata lau."

"To miƙo in duba tafin."

"Je ki duba na marasa lafiyarki."

Ya janye ƙafar ƙarƙashin kujera, ya juya fuska bango. Kwana huɗu bai amsa wayarta ba.

Mai Waya ne ya kawo dabarar. Bakaniken wayoyin mota ne mai shekara hamsin da ɗoriya, garejinsa yana bayan kasuwar katako, shekara ashirin shi ke bin wayoyin Gwaggo, kuma shi kaɗai ya san wace waya ce ta wace mota a cikinta. Ya zo gaisuwa ya tarar da tsohon ya yi zuru a tsakar gida, mota a rufe da tampol. Ya ce akwai wata na'ura da ake ɗaura wa tsofaffin motoci, kurus ake ce mata. In ka kai gudun da kake so sai ka danna maɓalli, ita ta riƙe maka totur, kai ka ɗauke ƙafa ka huta.

Sittin ya ɗago. "Wato ƙafar aro."

"Kusan haka ne, Baba."

"Ta san sittin?"

"Duk abin da ka ba ta, shi za ta riƙe."

"Ba gardama?"

"Ba gardama."

"To ta fi ma'aikatan kamfaninmu hankali."

Uwata ba ta so ba. Amma ta ga uban nata ya yi aski, ya kuma cire tampol ɗin da kansa, sai zuciyarta ta karye. Ta ba Mai Waya makullin, ba uban ba, ta kafa sharaɗi: in abin ya yi, Baba ya ja motar awa guda cur da Mai Waya a gefensa ba tare da matsala ba, za ta mayar da makulli kan ƙusarsa. Saura sati uku da 'yan kwanaki Asabar ɗin ta zagayo.

Kwali ya iso da takarda mai zane-zane. Takardar an rubuta ta ne don mota mai uwa ɗaya uba ɗaya, ba irin Gwaggo ba. Akwatin na'urar ya rasa wurin zama, don injin motar kayan ya cika cikin bonet, sai da Mai Waya ya yanka ƙarfe ya yi masa mazauni kusa da batir. Kebul ɗin da zai riƙa jan totur ya gaza kaiwa kafireto, aka lanƙwasa masa wani kunnen ƙarfe aka ƙara. Sannan na'urar tana bukatar ta san gudun mota, giyar da aka dasa kuwa ba ta da inda za ta gaya mata. Sai Mai Waya ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure maganaɗisu biyu a jikin farfela, sandar nan da ke juya tayoyin baya, ya kafa wani ɗan ido kusa da su yana ƙirga juyinsu. Maɓallan ya manne su a gefen sitiyari. Waya ta ƙarshe ya kai ta makunnin wutar birki.

"Wannan ita ce babbar," in ji shi. "Da ka taɓa birki, ko ɗan yaya ne, wutar baya ta kama, ita kuma ta saki totur nan take. Don kar ta kai ka inda ba ka aike ta ba."

"Tana da ladabi ke nan," in ji Sittin.

Sati guda aka yi ana wannan aiki, kuma sati gudan nan Sittin yana kan bencin gareji tun buɗewa har rufewa, yana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Wata rana da yamma ya tashi zai tafi gida, har ya kai bakin ƙofa, Mai Waya ya kira shi.

"Baba, takalminka."

Silifas ɗin dama yana can ƙarƙashin benci. Taku ashirin ya yi a kan tsakuwa da ɓurɓushin ƙarfe, ƙafa ɗaya ba takalmi, bai sani ba. Ya dawo ya zura yana dariya, ya ce tsufa ne. Mai Waya ya taya shi dariyar, sannan ya koma ƙarƙashin mota ya daɗe bai fito ba.

Ranar gwaji suka fita babbar hanyar da ta bi ta wajen masu buga bulo, miƙaƙƙiya ce, ba cunkoso. Mai Waya ya fara ja. Ya kai sittin, ya danna, ya ɗauke ƙafa. Allura ta tsaya cak, a hawa da gangara duk ba ta motsa ba. Sittin yana gefe yana murmushi shi kaɗai. Suka yi musanya. Ya gyara madubi, ya gyara hula, ya kai sittin ɗinsa ba tare da ya ko dubi maleji ba, ya danna. Ya ɗauke ƙafa daga totur ya rataye ta a saman birki, yadda aka koya masa fiye da shekara hamsin da suka wuce. Ba a ƙirga goma ba injin ya sassauta murya, allura ta fara sauka. Ya sake, ta sake saki. Sau tara ya gwada.

"Ba ta riƙe ba."

"Yanzu fa ta riƙe mini, Baba."

"To ni ta raina."

Kwana shida suna neman laifi a jikin Gwaggo. Mai Waya ya matso da ɗan idon kusa da maganaɗisu, ya canza fiyus, ya ƙara ɗaure kebul, ya kankare tsatsa inda waya ta kama jikin mota, ya sa sabon makunnin birki. Kowane gyara in ya hau ya gwada, lafiya lau. In Sittin ya karɓa, sai ta saki. Tsohon ya zargi waɗanda suka ƙera ta, ya zargi injin motar kaya da baƙin hali, ya zargi tayoyi, har ya ce ko kujerar bas ɗin ce take danne wata waya. Haka ɗan Adam yake, zai tuhumi gari kaf kafin ya sunkuya ya dubi abin da ke ƙarƙashinsa. Kwanaki kuwa suna ta tafiya, yana ƙirga su a kalandar da ke bangon gareji.

Rana ta bakwai Mai Waya ya ce Baba ya ja shi kaɗai ɗan gajeren zango, shi zai biyo baya a babur ya saurari ƙarar salansar motar. Ba salansa ya je saurare ba. Ya kafa ido a bayan Gwaggo. Ta kai gudunta, ta daidaita, can sai jajayen fitilun baya suka kama, ba tare da akwai komai a gaba ba. Suka mutu, mota ta ƙara wuta, ta daidaita, suka sake kamawa. Sau biyar ya gani. Da suka tsaya Sittin ya leƙo ta taga.

"Ka ji wani abu?"

"Ina jin wata waya ce, Baba. Bari gobe mu sake dubawa."

Kwana biyu ya ƙara yana kwance abin da ba abin da ya same shi yana mayarwa. Ba ha'inci ba ne, bakin faɗa ya rasa. Mutumin nan ya san shi tun bai da gareji, ya halarci aurensa, ya yi masa ta'aziyyar uwa. Amma ranar Laraba, saura kwana uku, ya ga ba makawa. Ya shiga gefensa suka hau hanyar. Sittin ya danna, ya ɗauke ƙafa, injin ya sassauta.

"Baba, ɗaga ƙafarka daga kan birki."

"A ɗage take."

"Baba, duba."

"Na ce maka a ɗage take. Tun ba a haife ka ba nake ɗage ta."

"Don Allah ka duba."

Ba kowa a hanyar, sai ya sunkuyar da ido. Ƙafar tana kwance a kan birki, ta danne shi kamar faɗin yatsa. Ya ɗaga ta yana kallonta, ta ɗagu. Ya mai da ido kan titi, ya ƙirga biyar, ya sake dubawa. Ta koma ta kwanta. Bai ji saukarta ba, bai ji ƙarfen a tafinsa ba. A ransa har yanzu tana can a sama inda Yaya ya ce a ajiye ta. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kan hanya ba, don duk abin da ya taɓa ba shi tsoro daga waje yake zuwa.

Tausayi ya sa Mai Waya ya ce, "To ka ajiye ta a ƙasa mana, Baba. Ai kowa haka yake yi da wannan na'urar."

Sittin ya harare shi kamar ya zagi Yaya. Amma Asabar tana tafe. Ya kai sittin, ya danna, ya ɗauki ƙafar ya shimfiɗa ta a ƙasa, karo na farko a rayuwarsa. Gwaggo ta riƙe. Suka wuce masu bulo, suka wuce gidan mai, suka haye 'yar gada, allura tana nan inda ya bar ta. Minti goma, minti ashirin, sharaɓa ba ta ƙage ba. Ya sauke gilashi iska ta shigo. Daɗi ya kama shi har ya kasa ɓoyewa, ya bugi sitiyari da tafin hannu.

"Ka gani ko? Asabar da hantsi muna can. Ka gaya wa Uwata ta fito da makullina."

Can gaba wata tarakta ta fito daga hanyar gona da tirelar itace a bayanta, ta hau titi tana rarrafe. Da sauran nisa sosai, ko sabon direba ba zai damu ba. Sittin ya ɗaga ƙafa zuwa birki ya taka. Mota ba ta rage ba. Ya ƙara takawa da ƙarfi, har bayansa ya manne da kujera. Ƙasa yake takawa, gefen birki da bai kai taƙi ba, ƙafar kuma ba ta gaya masa ba. Ita kuwa ƙafar aro tana riƙe da sittin ɗin da aka ba ta amana. Mai Waya ya kai hannu ya kashe maɓallin, ya kama sitiyari da ɗaya, ya ja birkin hannu da ɗayan a hankali a hankali. Suka tsaya a gefen titi, tsakaninsu da itacen bai fi tsawon mota guda ba. Mai tarakta bai ma waiwayo ba.

Sannan Sittin ya kashe injin, ya zare makulli, ya miƙa.

"Na'urarka lafiyarta lau," ya ce. "Ka yi aiki mai kyau."

Da yammacin ranar shi da kansa ya aika a kira Uwata. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya ɗora ƙafar a kai ba tare da ta tambaya ba. Ta ce ya rufe ido, in ya ji tsini ya faɗa. Ta ciro allura daga jakarta. Ya rufe ido yana jira, ya ji shiru ya yi yawa.

"Kin fara?"

Wuri tara ta riga ta tsikara. Ta mai da allurar jaka, ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo, ba don tana da abin wankewa ba.

Asabar Mai Waya ya rufe gareji ya zo tun da safe. Sittin ya riga ya duba mai da ruwa. Ya zagaya ya shiga kujerar da bai taɓa yin doguwar tafiya a kanta ba a motar nan tun yana ɗan koyo, Uwata ta shiga baya. Mai Waya ya sa sittin ya danna, na'urar ta riƙe tun daga bakin gari har suka hango hasumiyar ruwan garin Yaya, ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba. Awa uku daidai. A hanya hannun Sittin yana ta neman abin riƙewa ya rasa.

A bakin kwanar layin Uwata ta ce a tsaya. Ita da ta ƙwace makulli, ita ce yanzu take roƙo.

"Baba, taku ɗari biyu ne. Ka karɓa daga nan. A hankali za ka je, Mai Waya yana riƙe da birkin hannu. Ba wanda zai sani."

Sittin ya dubi layin. Ƙunci gare shi, mota ɗaya yake ci. Mata biyu suna tafe da kayan cefane, wani mai keke ya ɗoro kiret ɗin ƙwai, wata kaza tana tsallakawa da 'yan tsakinta a baya. Can ƙarshe ga kujerar a bakin ƙofa, ga farar hular Yaya. Yana so, Allah ya sani yana so, har yatsunsa sun kai ga marfin ƙofa. Ya sunkuya ya dubi ƙafar, don yanzu sai ya duba yake sanin inda take.

"A'a," ya ce. "Yaya ne ya ce irina ya miƙa makulli. Na miƙa. Mu je."

Da suka shawo kwanar ya miƙa hannu ta gaban Mai Waya ya danna hon da kansa, gajere biyu dogo ɗaya. Yaya ya gyara zama. Mota ta tsaya. Sittin ya fito ta nasa gefen da iya saurin da ƙafa ta ba shi, ya tsaya inda za a gan shi sosai, ya cire hula don tabon goshi ya fito. Idon Yaya bai ko gifta ta wajensa ba, yana kan ƙofar direba. Mai Waya ya ƙame a ciki, hannu biyu a kan sitiyari, ya ƙi motsi.

"Fita," Sittin ya ce masa ta taga. "Yana jira."

Ƙofar ta buɗe. Fuskar tsohon ta washe.

"Auta, ka duba mai da ruwa?"

Mai Waya ya dubi Sittin ta saman mota. Sittin ya gyaɗa masa kai.

"Na duba, Yaya."

"To, zo ka zauna." Sai a lokacin ya lura da wanda ke jingine da mota. "Wannan dattijon fa? Hanya ka rage masa? Ka kyauta. A kawo wa baƙo ruwa."

Suruka ta kawo ruwan kanta a sunkuye. Uwata ba ta fito daga mota ba. Sittin ya zauna a ƙarshen benci da kofi a hannu, yana ji Yaya yana ba Mai Waya labarin ɗaki mai yoyo, da ranar da motar injiniya ta zauna a kwata, yana dukan cinyarsa yana dariya har da hawaye. Inda Yaya ya manta wani abu, leɓen Sittin yakan motsa, amma bai bari murya ta fito ba. Can Yaya ya juyo gare shi, don shi mutum ne da ba ya barin baƙo shiru, ya dafa kafaɗar Mai Waya.

"Malam, ƙanena ne wannan. Ni na koya masa. Tun da yake tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba."

Sittin ya ajiye kofin a ƙasa, kusa da ƙafarsa.

"Na ji labarinsa," ya ce.